Alhaji Ambasada da Maroƙan Ingila

Rahina, kin taɓa ganin mutumin da ya fi ƙarfin maroƙan ƙasarsa? Ba ki taɓa ba? To, kin makara da zuwa garin nan Greensboro na Amurka. Da bara kika zo, da kin ga Alhaji Ɗantala da idonki, kin huta da jin labari. Jawo kujerar nan, ki miƙo mini zaren can, in ba ki.

Mutum ne har mutum. Allah ya yi masa tsawo, ya yi masa tumbi, ya yi masa murya. Sauran kuwa shi ya ƙara wa kansa. In zai shigo wuri, turarensa ke fara sallama, tumbin ya biyo baya, sannan shi. Hula ma ba ya sa ta yadda bayin Allah ke sawa. Sai ya turo ta gaba, ya karkata ta hagu har ta kusa taɓa gira, kamar tana leƙen abin da ke aljihunsa.

Baƙar mota yake ja, yana ɗauko mutane daga filin jirgi ya kai su otel. A garinmu direba ake ce wa mai wannan aiki, kuma sana'a ce mai albarka, da ita marigayi mijina ya ciyar da mu. Amma kar ki kuskura ki ce wa Alhaji Ɗantala direba. Shi harkar tarbar manyan baƙi yake yi. Har ɗan kati ya buga mai ruwan gwal. Ya ba ni guda uku, ni da ko alif ban sani ba a boko. Ga ɗaya nan, a jikinsa nake naɗe koren zare. 'Yan ƙungiyarmu ta 'yan Arewa suka laƙaba masa Ambasada don tsiya. Bawan Allah ya karɓa hannu bibbiyu. In ka ce Ɗantala ba ya waigowa.

To, wata rana sai aka ba shi wani tsohon Bature ya ɗauko. Gashinsa fari fat, har gadon baya, kamar wata gyatuma. Ashe mawaƙi ne daga Ingila, shi da abokansa huɗu, duk tsofaffi, sun zo yin wasa. Sunan ƙungiyar tasu ba ya zama a bakina. Jikokina sun ce irin kiɗan nasu, wai ƙarfe mai nauyi ake ce masa, kuma sun fi shekara arba'in suna abu ɗaya. Tsohon nan ya dubi hular Alhaji ya ce ta yi kyau. Shi ke nan fa. Magana ɗaya, irin wadda kike gaya wa maƙwabciya kan sabon zane ki wuce. Da zai sauka ya ba shi hannu, ya ba shi hotonsa da ɗan rubutu a jiki.

Ke dai bari. Labarin nan ya yi ta girma a bakinsa. A satin farko, tafiyar minti ashirin ce. Kafin azumi, sun tsaya sun sha shayi a titin Elm. Bayan Sallah kuwa, Baturen ya riƙe hannunsa yana hawaye, yana cewa bai taɓa ganin ɗan Afirka irinsa ba. Hoton nan aka yi masa gilashi, aka rataye a falo, sama da hoton Alhaji na Arfa. Ko zancen tsadar albasa ake yi, sai ya ce, “Kamar yadda aminina na Ingila ya taɓa gaya mini.”

Ni ma na ɗanɗana. Ran nan ya gan ni a unguwar Glenwood ina jiran bas zan je ganin likita, ya ce in shigo ya rage mini hanya. Ina zama ya murɗa wani abu. Innalillahi! Kamar an kwaso tukwanen gidan biki an watso daga saman bene, injin markaɗe yana amshi, can kuma wani yana kururuwa kamar kunama ta harbe shi a wurin da ba ya iya nunawa. Na riƙe ƙofa na ce, “Alhaji, motar ce ta lalace?”

Ya yi dariya irin ta manya, ta cikin hanci. Ya ce, “Mama Daso, wannan kiɗa sai mai zurfin ilimi. Ba irin kalangun ƙauye ba ne. Ni kaina sai da na yi wata uku kafin kunnena ya kai matsayin.”

Da na isa, likita ta gwada ni ta ce jinina ya hau. Na ce ba nawa ba ne, na aro ne.

Ana nan sai aka ce wa'adin ciyaman na ƙungiya zai ƙare bayan Sallar layya mai zuwa. Kar ki raina kujerar nan. Ciyaman shi ke zama a gaba ranar suna, shi ke fara magana a ɗaurin aure, in baƙo ya zo daga gida shi ake kai wa. Alhaji ya shekara tara yana kallon kujerar nan kamar kura ta ga akuya a ɗaure. Abokin karawarsa Alhaji Faruk ne, mai haɗa magani a kemis, mutum shiru-shiru, wanda in aka yi rasuwa shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya. Ana cikin haka Faruk ya je gida bikin ƙanwarsa, wani maroƙi ya sa sunansa a waƙa, har da “na Amurka ba ka gudu”. Aka ɗauka a waya. Kwana biyu duk Greensboro ana kunna ta, mata na rausaya a kicin.

Alhaji Ɗantala ya kasa cin abinci. Ranar mitin ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, “Jama'a, ina taya ɗan'uwana Faruk murna. Kowa da ajinsa. Akwai wanda ake waƙewa da ƙwarya a bakin kasuwa, akwai wanda duniya ke waƙewa. Ina sanar da ku, aminina na Ingila da yaransa sun shiga ɗakin ɗaukar sabon faifai, bayan shekara bakwai ba su yi ba. Ku saurara. Ba zan ce komai ba.”

Ya kuwa ci gaba da cewa komai har aka tashi.

Kin san yadda ake yi a gida. In kana so maroƙi ya sa ka a waƙa, ba ka zuwa ka ce sa ni. Kyauta kake aikawa, riga, hula, doki in kana da hali. Shi ya san sauran. To, wannan dabara Alhaji ya ɗauko zai yi wa Turawan Ingila. Kashegari sai ga shi a gidan ɗana, ya cika mana falo da turare. Ya ce hula biyu yake so, iri ɗaya sak, ruwan toka da ja, aikin hannu wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Ɗaya tasa, ɗaya ta mawaƙin.

“Aminai anko suke yi, Mama,” in ji shi.

Na ce, “Alhaji, su Turawan nan roƙo suke yi? Sun san in an ba su sai su yi kirari?”

Ya dube ni da tausayi, kamar na tambaye shi ko jirgin sama yana cin dusa. Ya ce, “Mama, ki bar harkar ƙasa da ƙasa ga masu ita. Mawaƙi mawaƙi ne ko a ina. Ke dai ki riƙe allurarki.”

Na riƙe allurata. Wata uku ina kan hulunan nan, har idona ya yi ja. Ni kuwa ina da alamata. A gefen dama na kowace hula tawa, can ƙasa wajen baki, nakan yi ɗan zane da koren zare, tsaga uku kamar sawun kaza. Uwata ta koya mini a Azare, ita ma uwarta ta koya mata. Ko a cikin hula dubu na ga tawa, na san ta kamar yadda na san 'ya'yana.

Ya haɗa hular da babbar riga da kwalbar turare. Ya zaunar da 'yarsa Afnan, wadda take nas, ya sa ta juya kirarinsa da Turanci: sunansa, sunan ubansa, sunan kakansa, garinsu, da cewa shi giwa ne mai karya itace. Yarinya tana rubutu tana cewa, “Dadi, ba haka suke yi ba fa.” Ya ce ita a nan aka haife ta, me ta sani game da Turawa?

Abin mamaki, bayan wata biyu sai ga amsa. Ɗan kati ne. Wai sun gode, hular ta burge su ƙwarai, kuma zai ga kyautarsa a sabon faifai. Wayyo Rahina! Abin nema ya samu. Katin nan ya je masallaci, ya je suna, ya je ta'aziyya. Ana cikin addu'a wa mamaci, shi yana zaro shi daga aljihu yana nuna wa na kusa. Tafiyarsa ta canza. Gaisuwa ma ya koma yi da ɗan yatsa. Ya ce wa kwamiti kar a yi zaɓe sai ranar da faifai ya iso, a saurara tukuna, sannan jama'a su zaɓa da ilimi. Faruk ya ce ba komai, a jira shi.

Faifan ya iso cikin kwali, irin babban nan baƙi mai faɗin faranti da muka sani tun muna yara. Alhaji ya rantse ba zai buɗe ba sai a gaban jama'a. Afnan kuwa ta riga ta ga hoton bangon faifan a wayarta. Ta bi shi har mota tana cewa, “Dadi, don Allah ka duba wannan, sau ɗaya kawai.” Ya kau da kai. Ya ce ba a leƙa amarya kafin a kai ta. Wanda bai ji bari ba, ai kin san abin da zai ji.

Ranar Asabar bayan azahar aka taru a wani zaure da aka kama a East Greensboro. Ba wanda ya zauna a gida. Madam Dinatu ta dafa shinkafa, ni kuma masa na soya. Desmond, mutumin Jos ɗin nan da ke kula da sifikun cocinsu, shi ya kawo na'urar juya faifai da wasu sifiku biyu kowanne ya kai firji. Liman na gaba. Mata mun zauna gefe, an ce da an ji sunan Alhaji a rangaɗa guɗa. Ni aka ba jagorancin guɗar.

Sai da kowa ya zauna sannan Ambasada ya shigo, farar shadda tana ƙara, hulata a kansa an karkata ta hagu. Ba don ni na yi ba, hular ta yi kyau. Ya karɓi makirfo ya ce, “Jama'a, yau tarihi zai yi magana. Abin da za ku ji yanzu, ana jin sa a Landan, ana jin sa a Jamus, ana jin sa a Japan. Duk inda aka juya faifan nan, sunan ɗanku ne zai fito. Ban yi don kaina ba. Na yi ne don a san Bahaushe.”

Ya miƙa wa Desmond kwalin. Desmond ya yanke shi a bayan tebur, ya zaro abin da ke ciki, ya duba. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, ya sake duba abin hannunsa. Sai ya zare faifan kawai, ya kife bangon a kan tebur, ya ɗora wayarsa a kai.

Aka saki kiɗa.

Jarirai uku suka fashe da kuka lokaci ɗaya. Cokulan Madam Dinatu suka kama rawa a faranti. Wata tsohuwa 'yar Nijar ta miƙe tana neman ƙofa, ta ɗauka gini ne ke rushewa. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri kamar ana bin sa. Shi kuwa gogan yana tsaye, ido a lumshe, yana kaɗa kai, wai kunnensa ya kai matsayi.

Waƙa ta farko ta wuce, ba Ɗantala. Ta biyu ta wuce. Ni na cika ƙirji da iska ina jiran guɗa har na fara ganin jiri. Na tambayi Afnan me suke faɗa. Ta ce wannan kan yaƙi ce, waccan kan wani jirgin ruwa da ya nutse. Na ce giwa fa? Ta ce babu giwa.

Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, “Ku kwantar da hankali. Ƙananan mutane ake fara kira. Babban bango a ƙarshe ake ambatonsa.”

Desmond ya juya faifan. Aka sake shan wani rabin. Masa ta huce. Kusan awa guda tsofaffin nan suna kururuwa, sun ambaci wuta, sun ambaci ƙarfe, sun ambaci kabari, in ji masu jin Turanci, amma ko tari ba su yi da sunan Ɗantala ba. Allura ta kai ƙarshe, ta yi ƙus ƙus, ta tsaya. Sai kunnuwanmu ke ƙugi.

A nan fa, da mai rabon mutunci ne, sai ya yi dariya ya ce Turawa sun ci amana, a ci shinkafa. Wallahi da an tausaya masa. Amma girman kai rawanin tsiya. Ya gyara murya ya ce, “Na gane! Bature ba ya yabo da baki kamar maroƙin ƙauye. A hoto yake yi, don ya dawwama. Sun ce zan ga kyautata. Desmond, kawo bangon.”

Desmond ya dafe shi da hannu ya ce, “Alhaji, a bari sai an watse mana.”

“Kawo, na ce! Baƙin ciki kake yi?”

Ya fizge. Ko dubawa bai yi ba, don ya riga ya san abin da ke ciki: amininsa sanye da rigarsa da hularsa. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu, dab da kansa, ya juya dama, ya juya hagu, yana murmushi, don kowa ya gani.

Kowa kuwa ya gani.

Ƙwarangwal ne, Rahina. Gawa ce ta taso daga kabari, ba fata ba nama, idanu rami biyu da wuta a ciki, haƙora talatin da biyu a waje. Ashe dodon nan nasu ne, kowane faifai sai sun zana shi a bango, kowane karo da irin shigarsa. Wannan karon kuwa, a kan ƙoƙon kansa, ga hula ruwan toka da ja. An turo ta gaba. An karkata ta hagu. Ga ƙwarangwal yana yaƙe, ga Alhaji a ƙasansa yana yaƙe, hula iri ɗaya sak.

Liman ya ce, “A'uzu billahi.” Madam Dinatu ta ce, “Yesu!” ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Sai a lokacin Alhaji ya sauke hannu ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Faruk, ɗan halak, ya so ya rufa masa asiri. Ya ce, “Ai hula ta yi kama da hula. Wataƙila a wani wuri suka gano irinta.”

Ni kuma a nan Allah ya kama ni. Na riga na matso ina ƙare wa hoton kallo, ga ɗan koren zane nan a gefen dama, tsaga uku, mai zanen bai bar ko ɗaya ba. Wata uku na aiki a ce a wani wuri aka gano? Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, “Wane irin wani wuri? Wallahi tawa ce! Ga sawun kazata nan. Guda biyu na ɗinka, Alhaji ya ce anko za su yi.”

Kalmar ankon nan ita ta ƙarasa shi. Wani daga baya ya ce, “Ashe aminin nasa ya riga mu gidan gaskiya!” Zaure ya kece. Maza na dukan cinya, mata na share hawaye. Guɗar da na riƙe tun ɗazu, wata ta sake ta a madadina.

Aka ce to, a yi zaɓe tunda an saurara da ilimi. Masu son Faruk su ɗaga hannu: zaure ya zama daji. Masu son Alhaji Ɗantala: hannu ɗaya, mai zobe uku, nasa. Matarsa ma lallen hannunta ta tsaya dubawa. Tun daga ranar ba a sake cewa Ambasada ba. Ankon Gawa ake cewa, kuma wannan sunan bai buga shi a kati ba.

An ce ya sauke hoton falo. An ce yanzu karatun Alƙur'ani kawai yake sawa a mota. Bai yi wata biyu ba ya tattara ya koma garin Charlotte, wai manyan baƙi sun fi yawa a can.

Ganina da shi na ƙarshe a tashar bas ne ta cikin gari, ana jibi zai tashi. Da ƙyar na gane shi, don hana-sallah ce a kansa irin ta yara. Na ce yau zan sha zagi. Na fara haɗa ban-haƙuri a bakina. Ya gaishe ni, ya tsaya yana wasa da makullin mota. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Sannan ya sunkuyo, ya rage murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba tun da na san shi. Ya ce:

“Mama Daso, ke kika ɗinka, ke za ki faɗi gaskiya. Tsakaninki da Allah, ni da shi, wa hular ta fi yi wa kyau?”